Albasar da Ban Sayar Ba

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Ubangijinmu.

Sunana Bulus, dillalin albasa a Aliero. Ba ni da gona, ba ni da mota. Jarina duka shi ne sunana: manomi ya loda mini buhunansa ba takarda, sai na dawo daga Kudu in biya shi. Wannan sunan ne na kusa rasawa, da abincin gidana a tare.

'Yata Rifkatu ta gama karatu tana zaune a gida. Wata rana ta nuna mini talla a waya: ana neman masu tallata kaya a intanet, aiki daga gida, ko ba ka taɓa yi ba. Ba sunan kamfani, ba adireshi, ba a ma faɗi kayan ba. Ni da ba na sayen buhu sai na zura hannu har gindinsa, na ce ta karɓa.

Masu tallar suka ce gwajin farko shi ne ta ɗauki bidiyon wata sana'a da ta sani. Wace sana'a ta sani in ba tawa ba? Na sa rigata mai kyau, na tsaya gaban buhuna, na faɗi sunana da farashi. Ta tura musu. Daga nan shiru.

Ana tsakiyar kakar albasa sai ga wasu 'yan kasuwa daga Kudu suna nemana. Suka nuna mini waya: bidiyon nan ne, fuskata ce, muryata ce. An buɗe shafi da sunana, an karɓi kuɗinsu na albasa mota guda, albasa ba ta je ba. Aka tsare ni wurin 'yan sanda a Jega. Ina can na ji manoman Andarai sun sauke buhunan da suka riga suka loda mini.

Rifkatu ta kawo abinci, na ƙi dubanta. Ta ce, "Baba, ni ya kamata su riƙe, ni na tura."

Da ta tafi na durƙusa a kan simintin. Na ce, "Ya Yesu, da ƙafata na tsaya gaban wayar nan. Wayona ya ƙare. In ka maido mini sunana, na gode. In ba ka maido ba, kada ka bar ni in tsani 'yata."

Washegari sai ga Alhaji Mamman, babban manomi a Aliero, wanda ban aika masa ba. Ya ce wa jami'in, "Wanga mutum, tun ba shi da furfura nike ba shi albasa ba takarda. In ɓarawo ne, ku fara da ni." Ya tsaya mini beli. Rifkatu ta nuna saƙonnin da suka yi da masu tallar aikin, aka ga asusun da kuɗin suka shiga ba nawa ba ne. Allah mai aminci ne!

Ba a kama kowa ba. 'Yan kasuwar nan sun koma hannu wofi. Kakar bana ta wuce ni, kuma yawancin manoma yanzu sai sun ga kuɗi kafin su loda. Rifkatu har yau ba ta da aiki. Amma Alhaji Mamman yana ba ni kaya, ni da 'yata kuma muna cin abinci a tabarma ɗaya.

Na gode wa Ubangiji. In an nuna muku aikin da ba shi da suna ba shi da adireshi, ku bar shi. In kuma kun riga kun faɗa tarkonsu, ku kira Yesu, yana ji har a bayan kantar 'yan sanda. Amin.