Guɗata a Filin Ƙwallon Gora

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ce Asabe daga Kurayyat a Jidda.

'Yata Safiya tana buga ƙwallon gora na kan ƙanƙara a unguwar Safa. Maƙwabta suka yi ta yi min tsiya, wai wasan 'ya'yan masu kuɗi ne, me ya kai haihuwar unguwar talakawa irin Karantina can?

Ranar Juma'a na je kallo. Ina zama, wata mata ta miƙo min jakarta ta ce, "Yalla, maza riƙe min." Ta ɗauka 'yar aiki ce ni. Na ce, "Ni ma 'yata na zo kallo."

Malam, ba a jima ba Safiya ta zura ƙwallo a raga! Sauran 'yan kallo suna tafi sanyi-sanyi kamar ba su karya ba, ni kuwa na miƙe na rangaɗa guɗa irin ta biki. Da aka tashi, matar ta matso, jakarta a hannunta, ta ce, "Ummu Safiya, mako mai zuwa ki zauna kusa da ni."

Ina gaida matan Karantina duk inda rusau ɗin unguwarmu ya watsa mu. Juma'a ku fito, na kama mana layin gaba.