A Nemo Mana Koren Littafin Mama

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban taro, mai girma uwar taro, babban baƙonmu da ya bar ayyukansa ya zo, shugaba da sakatare da ma'ajin wannan ƙungiya ta masu son karatu, iyayena abokan Baba da ke zaune a sahun gaba, malamai da marubuta, 'yan'uwana mata, ɗalibai da ke tsaitsaye a baya saboda kujeru sun ƙare, da duk wanda ya shigo ɗakin nan yau, ina gaishe ku gaisuwa ta girmamawa.

Ina godiya da kuka ba ni wannan dama. Ina godiya, a madadin gidanmu baki ɗaya, da kuka zaɓi mahaifina, tsohon ma'aikacin gidan waya, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar nan, kuka ce shi ne gwarzon mai karatu na bana. Na ga lambar yabon a kan tebur, ta yi kyau ƙwarai. Sai dai Baba bai zo ba, kuma ba rashin abin hawa ne ya hana shi ba. Ni ya aiko, babbar 'yarsa, ya ce in roƙe ku ku riƙe lambarku, in kuma faɗa muku dalili ba tare da na rage komai ba. Na ce masa, "Baba, a gaban jama'a fa?" Ya ce, "A gabansu aka yi ta tafa mini, a gabansu za ki faɗa." To ku yi mini uzuri, abin da zan faɗa ni kaina har yanzu bai gama zama a kaina ba.

Maganata uku ce, sai roƙo ɗaya.

Ta farko, yadda Baba yake karatu. Kun san al'adar ƙungiyar nan fiye da ni. Duk ƙarshen wata ana haɗuwa, kowa ya miƙe da littafinsa na watan. Ina yarinya Baba yana zuwa da ni, kuma na tuna a lokacin mutum yana miƙewa ne ya faɗi abin da ya karanta, a yi ta musu da shi har shayi ya huce. Ban san ranar da abin ya sauya ba. Na dai girma na tarar mutum yana miƙewa ya ɗaga sabon littafin da ya samo, ya faɗi wahalar da ya sha kafin ya same shi, a karɓa a jujjuya, a shinshina takardar, a yaba bango, a tafa, ya zauna. A wannan fage kuwa babu wanda ya kamo ƙafar Baba. Wasu su zo da ɗaya, shi ya zo da cikin jaka.

A gida kuma ga yadda yake yi. Duk watan da ya shigo da littattafai sai ya baje su a kan tabarma ya raba su kashi biyu. Akwai na yanzu, wato marasa nauyi, waɗanda yake leƙawa bayan cin abinci har gyangyaɗi ya ɗauke shi. Akwai kuma na natsuwa. Duk littafin da ya ji a ransa cewa wannan babba ne, wannan ya cancanci a zauna masa, to ba ya buɗe shi. Sai ya goge shi da gefen rigarsa, ya kai shi layin baya na kanta, can jikin bango, ya ce sai ya samu natsuwa. Kamar yaron da ke ture namansa gefen kwano sai ƙarshe. Wata ya bi wata, layin gaba ya rufe na baya, wani layin ya rufe wannan, kanta ta cika aka koma saman kujeru, aka koma ƙarƙashin gado, har ta kai mai shiga ɗakin Baba sai ya karkace. Mu kuwa muna alfahari. Baƙo ya zo mu buɗe masa ƙofar ɗakin ya leƙa, mu ce ai Baba ba ya rabuwa da karatu.

Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, ungozoma ce. Da yawanku a nan a hannunta aka haifi 'ya'yanku. Bayan ta ajiye aiki ta zauna ta rubuta abin da ta gani a ɗakin haihuwa, dariyarsa da kukansa, ni na buga mata a kwamfuta, aka fitar da shi ɗan siririn littafi mai koren bango. A wannan ɗakin aka ƙaddamar da shi. Ba a buga da yawa ba, kuma ku kuka kwashe shi a ranar, wasu bibbiyu, wasu fiye. Kwafin farko ta miƙa wa Baba da hannunta. Ya karɓa da hannu biyu, ya goge shi da gefen rigarsa, kuma kun riga kun san layin da ya kai shi.

Takan tsokane shi. Tana shara ta tsaya a ƙofar ɗakinsa ta ce, "Malam, ka kai ina a littafin nawa?" Ya ce, "Hajiya, irin naki ba a karanta shi a gurguje. Bari in samu natsuwa." Ta ce, "To Allah ya kawo natsuwar, mu ma mu gan ta." Ta yi dariya ta wuce. Mu ma dariya muke yi, don mun ɗauka wasa ne irin nasu. Wallahi, jama'a, ban taɓa kawowa a raina cewa da gaske bai buɗe ba. Ya yi ritaya bai buɗe ba. Ta kwanta ciwo bai buɗe ba. Ta rasu, ya ce yanzu kuma zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, sai ta ɗan yi sanyi.

Magana ta biyu, abin da na gani da idona. Kwanakin baya Baba ya fara tuntuɓe da abubuwa a gefensa, yana zuba shayi a wajen kofi. Na kai shi wurin likitan ido. Likita ya duba ya sake dubawa, ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana ci ba a sani ba. Ido ɗaya ya riga ya tafi. Ɗayan saura ɗan tsakiya, kuma magani zai rage masa gudu ne kawai. Na tambaye shi har zuwa yaushe Baba zai iya karatu. Ya ce, "Duk abin da yake son karantawa, ya fara yau."

Muna shiga gida Baba ko takalmi bai cire ba ya ce, "Ɗauko mini littafin mahaifiyarki." Sai na ji daɗi, na ce to, zai sake karantawa ke nan. Ya dube ni ya ce, "Sakewa? Ai ban fara ba." Na ɗauka ciwon ne ya taɓa masa tunani.

Na shiga ɗakin na fara sauke littattafai. Layin gaba lafiya lau. Layi na biyu, rabinsu suna cikin ledarsu yadda aka sayo su, ba a ko ɓare ba. Akwai littafin da na tarar har kwafi uku, don Baba ya manta yana da shi ya sake saye, ya sake kawo muku, kuka sake tafa masa. Ban gama mamakin wannan ba na iso layin baya. Ga su nan jere, ƙeyarsu tsaf, sunayensu raɗau, babu ko ƙura sosai. Na hango koren. Na sa yatsa na jawo shi, sai ƙeyar kaɗai ta biyo hannuna, ƙasa ta zubo mini a ƙafa. Gara ce ta shigo ta jikin bango. Ta cinye layin natsuwa kaf daga ciki, ta bar mana fuskarsa muna ta gaisawa da ita shekara da shekaru. Rubutun hannun Mama ma, da Baba ya ɗaure ya ajiye tare da littafin don girmamawa, ya zama ƙasa.

Na zauna a kan tulin littattafan da ba a taɓa buɗewa ba. Baba yana daga ƙofa yana cewa, "Kin gan shi? Kore ne." Na tashi na kamo hannunsa na ɗora masa abin da ya rage. Ya shafa, ya murza ƙasar a yatsunsa. Sannan ya ce, "Marasa amfanin duk suna nan ko?" Na ce suna nan, Baba. Ko shafi ɗaya ba a taɓa musu ba.

Magana ta uku ta shafe ku, iyayena, kuma ita ce ta fi girgiza ni. Na ce wa Baba ya kwantar da hankalinsa, ai littafin yana gidan kowa a ƙungiya. Maɗaba'ar da ta buga shi ta daɗe da rufewa, kwamfutar da na yi aikin a kanta ta mutu tun ina gidan haya, amma ban damu ba, don na san a gabana kuka kwashe shi.

Na fara da gidan Kawu Ma'aji, ga shi nan yana sunkuyar da kai, saboda shi ya ari nawa kwafin tun ana zaman makoki, ya ce nasa ya shige wani wuri. Ya karɓe ni hannu biyu-biyu, ya buɗe mini ɗakinsa. Jama'a, na ɗauka Baba ne kaɗai. Ashe Baba mai sauƙi ne. Kwalaye ne har rufi, wasu ko igiyar ba a kwance ba. Kawu ya tsaya a tsakiya yana juyawa ya ce, "Yana nan, 'yata. Wallahi yana nan. Biyu ma ke nan." Na ce, "Kawu, a ina?" Ya ce, "To, wannan ita ce tambayar."

Na je gidan Baba Lauya, wanda ya yi sharhin littafin ranar ƙaddamarwa, ya yi magana mai daɗi har Mama ta share hawaye. Na ce ko ba a samu littafin ba, shi dai zai tuna inda ya ajiye abin da ya yi wa sharhi. Allah ya saka masa, bai yi mini ƙarya ba. Ya ce, "'Yata, gabatarwa na karanta, da bayan bango. Sauran na ce sai na samu sarari." Haka na yi ta bi gida gida. Ko'ina an karɓe ni da mutunci, ko'ina an ba ni ruwa, ko'ina an nuna mini tuli an ce yana ciki.

Bari in tambaya a nan, tunda ga mu gaba ɗaya. Duk wanda ya karanta littafin Mama daga farko har ƙarshe, don Allah ya ɗaga hannu. Ba don in kunyata kowa ba. Ina so ne in san ƙofar da zan fara ƙwanƙwasawa.

Ina jira.

To. Mai girma shugaba, kai ma kana gani daga inda kake. Ɗaki cike da masu son karatu, matar da ta karɓi haihuwar 'ya'yanmu ta rubuta littafi guda ɗaya tak a rayuwarta, kuma babu hannu ko ɗaya a sama. Na zo da shirin in ga kaɗan. Ban zo da shirin wannan ba.

Wani zai ce, ke da kika buga shi da hannunki, ki ba shi labarin mana. Na gwada. Na ce, "Baba, na tuna da yawa a ciki, bari in faɗa maka." Ya ɗaga mini hannu ya ce, "Kada ki soma. Ni ta miƙa wa, kuma ni ta yi ta tambaya na kai ina. Idan ido ya tafi, na yarda ki karanta mini, ba yadda zan yi. Amma ina so in ga maganarta da kaina, ko shafi ɗaya ne."

Saboda haka ga roƙona, kuma roƙon 'ya ne a gaban iyayenta. Ban zo in ce ku daina sayen littafi ba, ban isa ba. Ban zo in gyara muku al'adar ƙarshen wata ba, ku kuka kafa ta, ku kuka san yadda za ku yi da ita. Littafi ɗaya nake nema. Siriri ne, bangonsa kore, da zanen hannuwa biyu riƙe da jariri. Saboda sirantakarsa yakan maƙale tsakanin manya, don haka kada ku tsaya duba ƙeya, ku sauke su ɗaya bayan ɗaya. Ku fara da layin baya, inda kuke ajiye waɗanda kuka fi so. Kuma ina roƙonku da girman Allah, kada kowa ya ce mini zai duba idan ya samu natsuwa.

Ganin Baba ya fi ƙarfi da hantsi, idan haske ya shigo ta taga. Mun matsar masa da kujera wurin, mun saya masa gilashin ƙara girman rubutu. Kullum yakan yi wanka ya sa riga mai kyau ya zauna, gilashin a hannunsa, tebur a gabansa babu komai a kai. Na kawo masa wasu littattafan ya ce a'a, ba zai kashe sauran idonsa a kan wani ba. Makon jiya yana iya karanta ƙananan rubutun jikin kwalbar maganinsa. Jiya ya miƙo mini ita ya ce in duba masa.

Don haka ku gafarce ni, ba zan zauna cin abincin da aka shirya ba. Ina sauka daga nan zan tsaya a bakin ƙofa, ƙannena biyu suna waje da kwalaye. Duk wanda ya fara fita, shi za mu bi har gida, mu za mu yi ɗagawar, mu za mu mayar masa da komai inda yake. Idan ba mu samu a gidansa ba, mu wuce na gaba.

Allah ya saka muku da alheri, ya albarkaci wannan ƙungiya da waɗanda suka kafa ta. Allah ya kare mana idanunmu da na iyayenmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya. Allah ya jiƙan Mama, ya haskaka kabarinta. Shi kuma Baba, ya Allah, ka riƙe masa ɗan hasken nan da ya rage har mu iso.

Na gode.