Filaskon Baba da ruwan shuka

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hadiza daga Urafane.

Kowace bazara babanmu yakan shiga daji ya tsinko filasko, a dafa masa da tsamiya ya sha don wankin ciki. Cewa yake mai dattin ciki bai iya riƙe hauya.

Bana ma ya sha kamar yadda ya saba, amma jiki ya tsufa. Zawo ya kama shi, sai a amalanke muka kai shi likita aka yi masa ƙarin ruwa. Muna can ruwan shuka ya sauka. Baba ya ji ƙamshin ƙasa, ya juya fuska bango yana hawaye. Maƙwabta ne suka shuka masa gero, Allah ya saka musu.

To jiya na tarar ya shanya sabon filasko bayan rumbu. Na yi magana, ya ce, "Ɗiyata, ke kika haife ni?"

Jama'a, yaya ake raba tsoho da abin da ya saba ba a karya masa zuciya ba? Ku tausasa harshe, rediyon yana kusa da kunnensa.