Awarwaron Likita Zoryana

Fada Yarema, shugaban gari, jami'an ceto, Inna Stefaniya mahaifiyar marigayiya, ɗanta Taras, da duk wanda ya zo wannan addu'ar arba'in, ina gaishe ku. Ni ce Solomiya, matar Ostap mai gasa burodi.

Likita Zoryana ta kasance mace mai faɗa. Ta kasance ba ta jiran mara lafiya ya same ta a asibiti. Da aka ragargaza tashar wutarmu, ita ta bi mu gida-gida tana ɗaura wa masu ciwon zuciya awarwaron nan marar batir, wanda ɗumin jiki ke kunnawa, ya aika mata bugun zuciya a waya. Ostap ya ce shi ba saniya ba ne da za a rataya wa ƙararrawa. Ta ce, "Saniya ta fi ka jin magana, miƙo hannu." Ta kalli littafin soyayyar da ke cinyata ta ce, "Ke kuma taki zuciyar sai marubuta."

Ranar da bom ya faɗa gidan burodi, na tarar bene ya rufta a kan ɗakin fulawa. Na ga hannun Danilo, abokin aikin Ostap, yashe a titi, da kwaɓi a yatsunsa. Jini ya malale har bakin kwata. Masu ceto suka kasa kunne, suka ce ba mai rai, a watse kafin bom na biyu ya zo.

Likita Zoryana ta cakumi kwalar shugabansu, ta kara masa wayar a fuska, layin bugun zuciyar Ostap na motsi a ciki. "Mikola, gawa ba ta da ɗumin kunna awarwaro. Yana nan ƙasa. Ba ni shebur ko ka matsa."

Ta damƙa mini wayar, ta tura ni bayan katanga, in riƙa faɗa mata ko layinsa na motsi. Suka haƙa rami ta shiga, suka zaro Ostap da karyayyar ƙafa, aka yi gaba da shi. Tana fitowa daga ramin, na biyun ya sauka.

Inna Stefaniya, kin tambaye ni ko ta sha wuya. Ita ma tana ɗaure da nata awarwaron, layinta na ƙarƙashin na mijina, ina kallo. Bai ja lokaci ba. Layin ya harba sama, ya miƙe sambal. A littattafaina mai ceto yakan kai shafin ƙarshe, shi ya sa na daɗe ina jira ya sake motsi.

Taras, karɓi wayar mahaifiyarka. Duk layin da ka ga yana motsi a ciki, mutumin garin nan ne, kuma gidansa gidanka ne.

Mun gode da zuwanku. Allah ya ba ta hutu na har abada, kada ya bar mu mu manta da ita. Amin.