Masu Roƙon Iska

A wata rumfar soyayyen jatan lande da ke bakin kogi a Titusville, garin da ake taruwa a Amurka kallon tashin kumbon sama jannati, na ji mai rumfar tana tsokanar wani dattijo.

"Baba, ka sake dawowa? Jatan landena ne ya riƙe ka, ko kumbon?"

"Wai iska ta yi ƙarfi, an ɗage sai gobe. Zuba mini irin na jiya."

"Madalla da iska! Kai baƙo ne, bari ka ji sirrin garin nan. Ranar da kumbo ya tashi, kafin hayaƙi ya washe kowa ya shige motarsa. Amma in aka ɗage? Otal ya cika, mai tasi ya samu, ƙanena mai wankin zannuwan gado har waƙa yake yi."

"Wato 'yan sama jannati na can suna jira, ku kuna nan kuna roƙon iska?"

"To, mu ba za mu ci ba? Shekarun da aka daina tura mutane sama, layin nan ko kare ba ya bi. Sai da mutum a cikin kumbo gari ke cika haka. Kai fa, me ya taso ka?"

"'Yata Rosalind tana cikin masu tafiyar."

Mai rumfar ta ajiye matsami. "Wayyo, Baba, ka yafe mini, bakina ne ba linzami."

"In yafe me? Ni ma tun da na iso garin nan iskar nake roƙo. Ƙaro mini yaji."