Kurciyar Ƙarfe a Baƙar Leda

Ranar Laraba da safe, a ƙofar shagon littattafan zane a Cleveland, Darnell yana ta jujjuya sabon littafin da aka liƙe cikin baƙar leda. Wata dattijuwa na gefensa riƙe da nata.

"Mama, don Allah, da gaske jarumar nan, Kurciyar Ƙarfe, ta mutu a ciki?"

"Ka taɓa ganin labarin biki a baƙar leda? Kai, kar ka yage! Mu masu tara littattafan nan ba ma buɗe na mutuwa. Da ka farke, ya zama takardar banza."

"Amma jaruman da suka mutu suna dawowa, ko?"

"Dukkansu. Jaruman da na binne sun fi gashin kanka yawa. Wani cikin rana aka jefa shi, wani bene ya danne, duk sun tashi."

"Yaushe?"

"Shekara, ko fiye, in marubutan sun yi nawa."

"Shekara ta yi nisa."

"Gaggawar me kake, kamar mai barin gari?"

"Ba ni ba ne. 'Yata ce, Imani, tana kwance a asibiti. Ta ce muddin Kurciya na tsaye, ita ma ba za ta faɗi ba. Ta san yau Laraba, ranar fitowar sabon littafi. Kuma da hannunta take so ta buɗe."

 Sai dattijuwar ta sa haƙori ta farke ledarta, ta nemo shafin ƙarshe.

"Matso, ɗana. Mu duba ko sun nuna gawa. In ba gawa, ba mutuwa."