Ƙahon da Aka Kafa a Kan Dashen Jijiya

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni mutumin Ruwan Bago ne, ina dako a Fatakwal.

Injin sussukar masara ya yanke wa ƙanena Sale jijiyar motsi a hannu. Likitoci suka ciro wata daga ƙafarsa suka dasa masa. Suka ce sai ƙananan hanyoyin jini sun shiga dashen, wani sinadari mai kamar danƙo ya manne ƙwayoyin jiki da juna, sannan yatsun za su farfaɗo a hankali.

Jiya na kira gida, Inna ta ce, "Hannun ba ya ji, ɗan nan, mun sa wanzami ya zuƙe mataccen jinin." Ƙaho, daidai kan ɗinkin! Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Jinin da ake roƙon ya zo, shi aka tsotse.

Ban ga laifin wanzami ba, abin da ya gada ya yi. Amma da aka sallami Sale daga asibiti, wa ya zaunar da Inna ya yi mata bayani?

Malam, a tambayar mana likitoci: dashen zai rayu? Da hannun nan yake ciyar da iyalinsa.

Ina gaida abokaina na Fulatan, maƙwabtan garinmu. Don Allah wani cikinku ya hanzarta zuwa gidanmu ya hana a sake kafa ƙahon, wanzamin zai dawo ranar Juma'a.